Me yasa jinin jariri ke saurin tsayawa alhali filetlet ɗinsa basu da kuzari?

Jama'a akwai wani abu a jinin jarirai sabbin haihuwa da ya daɗe yana bani mamaki, kuma duk sanda na ƙara karatu a kansa sai mamakin ya ƙaru. In aka ɗebi jinin babban mutum da na jariri aka kai ɗakin gwaji, aka ware ƙwayoyin da ake kira filetlet, wato waɗanda ke fara toshe ciwo in an yanke, sannan aka ɗiga musu sinadarin da ke tada su, na babban nan take zasu dunƙule su manne da juna. Na jaririn kuwa sai a hankali, wani sinadarin ma kamar basu san an zuba ba. Duk wanda ya ga wannan sakamakon zai ce ai wannan yaron in ya ji ciwo jininsa ba zai tsaya da wuri ba. Toh amma da aka auna lokacin da jini ke ɗauka kafin ya tsaya a jikin lafiyayyen jaririn da ya cika watanninsa, sai aka ga nasa ya ma fi na manya saurin tsayawa.

Bari in ɗan yi bayanin su filetlet ɗin tukunna saboda ba kowa ya san su ba, mun fi sanin jajayen ƙwayoyin jini da farare. Su waɗannan ƙanana ne sosai, ba ma cikakkun ƙwayoyin halitta bane, ɓarɓashi ne da ke ɓallowa daga jikin wasu manyan ƙwayoyi da ke zaune a cikin ɓargo, ana ce musu megakariyosait. Kowace filetlet tana yawo a jini kwana 7 zuwa 10 sai ta mutu a kawo sabuwa. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita ɗaya ta jini, kuma maikurolita ɗin nan ko ɗigo ɗaya bata kai ba. Wani likita ɗan Italiya mai suna Giulio Bizzozero ne ya bayyana aikinsu a 1882. Da zarar jijiya ta fashe, abin da ke ƙarƙashin bangonta ya fito fili, musamman wani furotin mai suna kolajin, sai filetlet su manne a wurin, su canza siffa, su fesar da sinadaran da ke cikin 'yan jakunkunan da suke ɗauke dasu, waɗannan sinadaran su kira wasu filetlet ɗin, a taru a toshe ƙofar. Daga baya sai zaren fibirin ya zo ya ɗaure toshiyar ta zama gudan jini mai ƙwari.

Ta fannin yawa babu wani bambancin a zo a gani. Tun ciki yana wajen sati 22 ɗan tayi ya riga ya kai adadin da ake gani a manya, dan haka jaririn da aka haifa da ƙasa da 150,000 ana lissafa shi cikin masu ƙarancin filetlet kamar yanda za a lissafa babba. Inda bambancin ya fara shine wajen ƙera su. Megakariyosait ɗin jariri ƙanana ne, kowace ɗaya filetlet kaɗan take iya fitarwa in aka kwatanta da ta babba, sai dai kuma suna hayayyafa da sauri, yawansu ke cike giɓin. A zaman lafiya wannan tsarin ya wadatar. Matsalar sai ciwo ya zo yana cinye filetlet da sauri, shi babba jikinsa zai ƙara yawan waɗannan ƙwayoyin ya kuma ƙara musu girma, shi kuwa jariri yawan kawai yake iya ƙarawa, shi yasa jariri mara lafiya lambar filetlet ɗinsa ke saurin faɗuwa kuma take jimawa bata dawo ba.

Sai batun rashin kuzarin. Abin ba a wuri ɗaya yake ba, kusan kowace hanya da ake bi a tada filetlet ta jariri tana da nata rauni, kuma dalilan sun sha bamban. Adirenalin misali, filetlet ɗin jariri kusan basa kula shi, saboda wuraren da yake kamawa a jikinsu kaɗan ne. Turombin, wanda shine mafi ƙarfi cikin masu tada filetlet, shima maƙallansa guda biyu da ake kira PAR-1 da PAR-4 basu kai na manya yawa ba. Kolajin kuma ko ya kama, saƙon da ya kamata ya shiga ciki ya sa kalsiyam ya tashi baya tafiya da ƙarfi. Haka turombokzen, wanda su filetlet ɗin da kansu ke haɗawa dan su kira 'yan uwansu, saƙonsa na raguwa a hanya. Ga jakunkunan da na ambata, wani nau'insu mai ɗauke da kalsiyam da ADP, wani sinadarin da ke tada filetlet, basu da yawa a na jariri. Sannan in aka kawo sinadarin da ke kwantar da filetlet, irin su furostagilandin, na jariri sun fi saurin kwanciya. Wato wahalar tashi, sauƙin kwanciya. A bakwaini abin ya fi tsanani, gwargwadon yanda aka haife shi da wuri gwargwadon sanyin filetlet ɗinsa. A cikin kwana 10 zuwa 14 na farko ana ganin sun fara farfaɗowa sosai, duk da wasu bambance-bambancen na ɗaukar lokaci fiye da haka kafin su ɓace.

Wani abu da ya kamata a yabawa masu binciken nan shine wahalar samun jinin gwajin ma kansa. Babban mutum yana da wajen lita 5 na jini a jikinsa, in an ɗebi sirinji biyu ko uku ko a jikinsa. Bakwainin da nauyinsa kilo ɗaya ne gaba ɗaya jininsa bai wuce mililita 100 ba, ta ina za a fara ɗiba? Shi yasa tsofaffin binciken yawanci da jinin cibiya aka yi su, wanda ake tarawa bayan an yanke ta, sai daga baya da aka samu na'urorin da ke iya duba ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya da ɗan ɗigon jini sannan aka fara bin jariran kansu kwana bayan kwana.

Toh yanzu me ke tsayar da jinin? Anan ne ni abin ya fi burgeni wallahi. Filetlet basa aiki su kaɗai, kuma sauran abubuwan da ke cikin jinin jariri an ƙara musu ƙarfi daidai inda filetlet suka gaza. Na farko akwai wani furotin mai tsawo da ake kira da sunan likitan da ya gano ciwon rashinsa a 1926, Erik von Willebrand ɗan ƙasar Finlan. Shi wannan furotin shi ke kama kolajin ta gefe ɗaya ya kama filetlet ta ɗaya gefen, musamman a ƙananan jijiyoyi inda jini ke gudu da ƙarfi. Jariri yana da shi da yawa fiye da babba, kuma nasa dogaye ne sosai, irin waɗanda a jinin babba ake daddatsa su su gajarce, kuma iya tsawonsa iya yanda yake kama filetlet. Kaga ko filetlet bata da zafin nama in abin kama ta ya yi yawa dole ta tsaya a bakin ciwon.

Na biyu jajayen ƙwayoyin jini. Duk wanda ya taɓa ganin PCV ɗin jariri sabon haihuwa, wato ma'aunin kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya san yana kaiwa 50 har 60 cikin ɗari, alhali na babba yana wajen 40 zuwa 45, kuma ƙwayoyin nasa sun fi na babba girma. Kamar titi ne da manyan motoci suka cika tsakiyarsa, dole masu keke su koma gefe. Haka jajayen ke mamaye tsakiyar jijiya su tura filetlet jikin bango, kuma bangon nan shine inda ciwo ke faruwa, dan haka suna nan kusa tun kafin a neme su. Akwai wata na'ura mai suna PFA-100 da ke tura jini ta wata 'yar ƙofa a ƙirga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya toshe ta, ita da cikakken jini take aiki ba a ware komai, kuma a cikinta jinin lafiyayyen jariri yana riga na babba toshewa.

Wadda ta fi kowa ƙoƙari wajen fahimtar da likitoci wannan magana ita ce Dakta Maureen Andrew ta jami'ar McMaster a Kanada. A 1987 da 1988 ita da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin furotin ɗin daskarar da jini na jarirai, cikakku da bakwaini, suna bin su tun daga haihuwa har wata 6. Sun nuna cewa da yawa daga cikin masu daskarar da jini kusan rabin na manya ne a jariri, amma kuma masu hana jini daskarewa fiye da kima suma ƙasa suke, sai abin ya tafi daidai, yaro baya zubar da jini kuma jininsa baya gudaji. Abin da take ta nanatawa shine in ka auna jariri da ma'aunin babba zaka ga ciwo inda babu ciwo. Ni a ganina wannan shine zuciyar maganar gaba ɗaya, kuma har yau ana mantawa da ita, saboda takardar sakamako in ta fito ido lamba yake fara kamawa.

Sai dai kar wani ya karanta wannan ya ce ashe allurar bitamin K da ake yiwa jarirai ranar haihuwa bata da amfani tunda komai daidai yake. A'a, wannan daban ne, kuma ina roƙon iyaye kar su yi wasa da ita. Furotin huɗu cikin masu daskarar da jini, na 2 da na 7 da na 9 da na 10, basa aiki sai da bitamin K, shi kuma kaɗan ne ke ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, a nonon uwa ma kaɗan ne duk da ɗimbin alherin da ke cikinsa. Jaririn da bai samu allurar ba zai iya zubar da jini a satin farko, ko bayan makonni yana cikin ƙoshin lafiya kwatsam jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Allura ɗaya ce, miligiram 1, kuma tana kare wannan. Ba ruwanta da filetlet.

Yanzu mu zo inda wannan ilimin ya daina zama na ɗakin gwaji ya zama maganar rai da mutuwa, wato sashen kula da jarirai marasa lafiya, wajen 'yan bakwainin da ke cikin kwalba. A can ƙarancin filetlet ruwan dare ne, kusan ɗaya cikin huɗu na jariran da ake kwantarwa suna samunsa, a cikin waɗanda basu kai kilo ɗaya ba kuwa wajen 70 cikin ɗari. In ya bayyana a awa 72 na farko yawanci daga ciki ya taho, mabiyiya bata ciyar da yaron yanda ya kamata ba, kamar in uwa ta yi fama da hawan jinin masu juna biyu, kuma irin wannan yakan warware da kansa cikin kwana 10 ko makamancin haka. In kuwa bayan kwana 3 ne lamba ta faɗi warwas, abin da likita ke fara tunani shine ƙwayoyin cuta sun shiga jini ko kuma ciwon nan mai lalata hanjin bakwaini. A lokaci guda kuma waɗannan yaran sune ke da wasu jijiyoyi masu laushi ainun a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke iya fashewa, galibi a kwanakin farko. Ka sa kanka a matsayin likita, ga yaro ɗan mitsitsi, ga lamba 40,000, ga tsoron jini a ƙwaƙwalwa, ga jakar filetlet a bankin jini. Gaskiya ba zan ga laifin wanda ya ce a ɗaura masa ba, shekara da shekaru haka ake yi da kyakkyawar niyya.

Amma jakar nan daga wa ta fito? Daga babban mutum, dan jarirai basa bada gudummawar jini. Kenan ana ɗauko filetlet masu zafin nama a zuba su cikin jinin da dama an cika shi da dogayen furotin ɗin von Willebrand da jajayen ƙwayoyi masu yawa saboda a taimaki filetlet masu sanyi. A 2011 wasu masu bincike, Francisca Ferrer-Marin da Martha Sola-Visner da abokan aikinsu, sun gwada wannan a ɗakin gwaji, suka rage filetlet a jinin cibiya sannan suka mayar, wani da na jariri wani da na babba. Wanda aka sawa na babba ya fi saurin toshewa kuma gudansa ya fi ƙwari, wato ya karkata ɓangaren daskarewa fiye da kima.

Tun kafin nan ma, a 1993, Dakta Andrew ɗin dai ta gwada a kan bakwaini 152. Rabi ana musu ƙarin filetlet dan a riƙe lambarsu sama da 150,000, rabi ana barinsu sai in ta sauka ƙasa da 50,000. Zubar jini a ƙwaƙwalwa bai ragu ba a waɗanda aka yiwa ƙarin.

Babban binciken da ya girgiza kowa shine wanda ake kira PlaNeT-2, an yi shi a asibitocin Birtaniya da Ayilan da Holan, aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a farkon 2019. Jarirai 660 ne, dukkansu an haife su kafin sati 34. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rukuni ɗaya a ƙara musu filetlet da zarar lamba ta sauka ƙasa da 50,000, ɗayan kuma a jira sai ta sauka ƙasa da 25,000. A rukunin farko 90 cikin ɗari sun sha ƙari, a na biyu 53 cikin ɗari. Abin da aka sa ido a kai shine mutuwa ko sabuwar zubar jini mai tsanani cikin kwana 28. A rukunin da aka fi yiwa ƙari abin ya faru ga 26 cikin ɗari, a waɗanda aka jira kuwa 19 cikin ɗari. Ku sake duba lambobin nan da kyau, waɗanda aka fi ba filetlet dan a hana su zubar da jini su suka fi mutuwa ko zubar da jinin. Ciwon huhun bakwaini mai daɗewa shima ya fi yawa a cikinsu, 63 da 54 cikin ɗari. Da aka sake bibiyar yaran suna shekara 2, mutuwa ko matsalar ci gaban ƙwaƙwalwa ta shafi 50 cikin ɗari na rukunin farko da 39 cikin ɗari na rukuni na biyu. Duk sanda na tuna cewa bayan kowace lamba a nan akwai uwa da ke tsaye bakin kwalba sai jikina ya yi sanyi.

Bayanin da masana ke bayarwa kashi uku ne kuma zai iya yiwuwa duka suna da hannu. Akwai rashin dacewar da na faɗa, filetlet ɗin babba a jinin jariri na iya haɗa ƙananan gudaji a cikin siraran jijiyoyi. Akwai kuma cewa filetlet ba toshe ciwo kaɗai suke ba, suna ɗauke da sinadaran da ke tada kumburi da kiran fararen ƙwayoyin jini da kuma masu shafar tsirowar sabbin jijiyoyi, na babba sun fi na jariri zafi ta nan ma, ga shi huhu da ƙwaƙwalwar bakwaini ana kan gina su ne. Na uku yawan ruwan ne kansa. A binciken ana ba jariri mililita 15 a kowane kilo na nauyinsa, shi kuwa babba jaka ɗaya in ka raba da nauyinsa da ƙyar take kai mililita 5 a kilo. Ruwa mai yawa haka in ya shiga cikin ɗan lokaci yana iya canza ƙarfin bugun jini a waɗancan jijiyoyin masu laushi na ƙwaƙwalwa. Bayan wannan binciken asibitoci da yawa sun sauke ma'auninsu zuwa 25,000 ga bakwainin da baya zubar da jini.

A kula da kalmar nan, wanda baya zubar da jini. Binciken bai saka jariran da suka yi zubar jini mai tsanani a kwana 3 kafin a ɗauke su ba, dan haka bai ce komai a kansu ba. Yaron da jini ke zuba, ko wanda za a shiga da shi tiyata, ƙarin filetlet na iya zama abin da zai ceci ransa kuma likitoci na amfani da lamba mafi girma a irin wannan halin. Abin da nake so iyaye su ɗauka shine in likita ya ce lambar yaronku 35,000 ce amma ba zamu ƙara masa ba, zamu sa ido mu maimaita gwajin, ba sakaci bane, akwai hujja mai ƙarfi a bayansa. Kuma kuna da haƙƙin tambaya, likita me ya jawo ƙarancin, akwai alamar jini na zuba a wani wuri, an yi hoton kansa? Tambayar dalili ta fi tambayar lamba amfani, saboda in cuta ce a jini maganinta ne zai dawo da filetlet ɗin.

Akwai kuma wani nau'i da ya sha bamban da duk waɗannan, wanda ke zuwa ga cikakken jariri mai ƙiba da kowa ke ganin lafiyarsa lau, sai a ga wasu ƙananan ɗige-ɗige ja ko shatin jini a fatarsa a ranar farko, ko wurin allura ya ƙi daina jini. Wani lokaci abin da ya faru shine yaron ya gaji wata alama a jikin filetlet ɗinsa daga wajen uba wadda uwa bata da ita, garkuwar jikin uwa ta ɗauke ta baƙuwa ta haɗa mata makami, makamin ya ratsa mabiyiya ya dinga cinye filetlet ɗin ɗan tun yana ciki. A tsakanin Turawa ana samunsa a kusan haihuwa ɗaya cikin 1,000 zuwa 2,000, kuma alamar da ta fi jawo shi ana ce mata HPA-1a. Ita uwar nata filetlet ɗin lafiya lau suke, shi yasa awon ciki na yau da kullum baya nuna komai, kuma yana iya kama ko cikin fari ne. Lamba a nan tana iya sauka ƙasa da 20,000 kuma haɗarin jini a ƙwaƙwalwa gaskiya ne, har tun kafin haihuwa, dan haka wannan yaron ana ƙara masa filetlet ba tare da ɓata lokaci ba, in da hali waɗanda basu da waccan alamar. Cikin 'yan makonni makamin uwar ke ƙarewa a jikinsa lambar ta dawo daidai. Uwar da aka taɓa gaya mata ɗanta ya samu wannan ta faɗawa likitanta tun farkon ciki na gaba, saboda yana yawan dawowa, kuma akwai ƙarin ruwan garkuwa mai suna IVIG da ake mata duk sati a lokacin goyon cikin dan a kare ɗan.